Ludayi Sama, Ludayi Ƙasa

Bazara ce, kuma shekarar da aka rufe boda. Ku da kuke Jibiya a lokacin ba sai na tuna muku ba. Manyan motoci sun yi layi tun daga Magama har inda ido ya gaza, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu, albasa tana ruɓewa a buhu. Ni da na saba sauke tukunya bayan tukunya kafin azahar, na koma guda ɗaya, ita ma sai na kai ragowa gida. Kowa a gajiye yake. Ko akuya ka tarar a hanya ba ta matsa maka, sai dai ka kewaye ta.

A wannan shekarar ce 'yan fim suka zo garin nan, kuma a cikinta na yi aiki da yayana Mudi, Allah ya jiƙansa. Kun ce in rubuta abin da na tuna da shi tunda ni na fi zama kusa da shi. To ga shi, yadda ya zo mini.

Ba wanda ya san Yaya Mudi ba tare da hedifon ɗinsa ba, abin sauraren nan mai soso biyu. Da shi yake zuwa kasuwa, da shi yake zuwa suna, sai alwala da salla kawai ke sa ya sauke shi wuya. Wayar hedifon kuwa tana cikin aljihu, ba a jone take da komai ba. In yara suka dame shi, ko jaki ya yi kuka, ko mai goro ya cika ciniki, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Shiru, ana ɗauka!" Ba abin da ake ɗauka. Amma sai ka ga har jakin ya yi shiru, don mamaki.

Da lasifikar biki da ta wa'azi ya fara, shekara da shekaru yana tsaye a gindin manyan akwatunan nan masu girgiza ciki. Daga baya ya bi 'yan fim Katsina da Kano, ya koyi aikin sauti. Matarsa ta rasu da wuri, Allah bai ba su haihuwa ba. Aikin nan shi ne matarsa, shi ne 'ya'yansa. Yakan ce, "Ido baƙo ne, kunne ne ɗan gida."

Sai maganar batir. Kai, Yaya da batir! Gwangwani uku gare shi: na masu lafiya, na masu jinya, da na waɗanda suka suma. Ba na matattu, don a wurinsa batir ba ya mutuwa. Da hantsi zai jera su a kan kwanon ɗakinsa kamar mai shanyar kuɓewa, ya zauna yana gadinsu da sanda saboda kaji.

Akwai Isufu mai shayi, mutumin Maraɗi, wanda teburinsa ke bakin layin motoci. Wata rana tausayi ya kama shi, ya sayo sababbi ya kawo masa.

"Malam Mudi, ga pil sababbi, kyauta. Ka zubar da gawarwakin nan don Allah."

"Wa ya ce maka gawa ne? Batir ba shi mutuwa, suma shika yi."

"To karɓi dai ka yi aiki da su."

Yaya ya juya su, ya shinshina, ya sa a aljihu. "Sabo ba shi da hankali, Isuhu. Bai san wahala ba. Bari su ɗan ga duniya tukuna."

Bayan rasuwarsa mun same su a ƙasan akwati, a cikin ledarsu. Har yau ba su gama ganin duniyar ba.

Mai fim ɗin wani matashi ne daga Katsina, Kabiru, kowa Darakta yake ce masa. Yaya ne ya sa baki aka ba ni girkinsu, kuma Allah ya sani wannan girkin ne ya riƙe gidana a bazarar nan. Aikin Yaya kuwa, yadda na fahimce shi, shi ne: muryoyin 'yan wasa suna shigowa wata na'ura mai maɓallai da ke kan teburinsa, miksa suke ce mata, ya daidaita su, sannan ya tura wa kyamara don hoto da murya su kwanta wuri ɗaya. Da can da doguwar waya ake yi. To wayar nan kullum sai wani ya harɗe da ita, kuma a ranar farko akuya ta ci rabinta.

Darakta ya fito da wasu 'yan akwatuna biyu baƙaƙe da ya aro daga Kano, masu tura murya ta iska. Ɗaya a jikin miksa, ɗaya a jikin kyamara. Yaya ya dube su sheƙeƙe.

"Wanga baki ɗaya shika ciyarwa. Kai ko kyamara biyu gare ka. Ɗayar azumi za ta yi?"

"Malam Mudi, sai mu haɗa daga baya a kwamfuta."

"Daga baya! Daga baya ne aka ce za a buɗe boda."

Washegari sai ga shi da nasa. Ya samo ɗan abin nan da direbobi ke sokawa a mota su ji waƙar waya ta rediyo, ya farke shi, ya yi masa abin da ya yi masa, ya jona masa wayar shanya ya ɗaure a kan doguwar gora. Kowace kyamara ya ɗaura mata ƙaramin rediyo da robar tayar keke. Wato ya buɗe 'yar tashar rediyonsa ke nan, kyamarori su ne masu saurare. Ya kuma hana masu kyamara sa komai a kunne. "Ido naku, kunne nawa. Kowa shi tsaya gonatai."

Da la'asar ya miƙo mini rediyo na uku. Ya karce wuri ɗaya da ƙusa a jikin gilashin.

"Hanne, tahi gida ki kunna, ki aje allura nan daidai. Ina so in ga iya nisan da shika kaiwa."

Na tafi, na zauna a tsakar gida, na kunna. Sai shaaa. Can sai ga muryarsa tsaf, kamar yana bayan ƙyaure.

"Gwaji, gwaji. Ɗaya, biyu. Hanne, in kina ji na."

Ya yi tari.

"Hanne, magana ce wadda ba ni iya hwaɗa maki ido da ido. Kunnena ya tahi. Na hagu tun bara, na dama saura ƙiris. Ina ganin allura na motsi a miksa, amma ban san mi ke isa kyamara ba. In yaron nan ya gane, sallama ta za shi yi, kuma ba mai sake kirana har in mutu. Ki zama kunnena. Wanga sirri ne tsakanina da ke. Kada kowa shi ji."

Na daɗe zaune da rediyon a cinya. A ranar na gane dalilin hedifon ɗin da ba a jone yake da komai ba. In ka yi masa magana bai amsa ba, sai ka ce ai abin kunnen ne.

Ga yadda muka shirya. Na kafa murhuna a gindin bishiyar bedi, inda zai riƙa hango ni daga teburinsa. Rediyon yana cikin kwano kusa da ƙafata, a hankali, kowa na zaton shirin mata nake ji. Ina da babban ludayin dalma mai ƙyalli. In murya na fita lafiya, ludayi ƙasa. In ta ɗauke, ludayi sama. In wata baƙuwar ƙara ta shigo, in kaɗa shi.

Kwanakin farko abin ya tafi daidai, har Darakta na yabonsa. "Malam Mudi, kunnenka kamar na zomo." Yaya ya gyaɗa kai, don ya ga baki na murmushi.

Sai ranar shirwa. Ana ɗaukar wurin da jarumar fim ɗin za ta yi kuka. Yarinyar nan tun safe ake fama da ita hawaye ya ƙi zuwa, an shafa mata man zafi, an yanka mata albasa ta mai kyau, a banza. Can Allah ya kawo kukan, na gaske. A daidai nan shirwa ta kawo sura kan naman da na tsame. Ni kuwa abin da ke hannuna na ɗaga.

"Kot!" in ji Yaya, da iyakar muryarsa, nan take aka tsayar da ɗauka.

Darakta ya dafe kai. "Malam Mudi! Ni ke cewa kot a nan!"

"Sauti ya mutu."

Aka mayar aka saurara, sauti garau. Yaya bai ko ƙifta ido ba. "Akwai ƙarar da kunnen yara ba shi kamawa. In ka girma ka ji ta."

Jaruma ta ce ita kam ta gama kukanta na wannan makon.

Da ya zo karɓar abinci ya duƙo, yana zaton raɗa yake yi, alhali har kaji sun waiwayo. "Ke mi ya same ki?"

Na nuna masa sama, na yi masa fiffike da hannu.

"Shirwa? To ki bar mata! Ita ba ta san fim ba, ke kin sani."

Na ce to. Da ta dawo washegari na zuba mata ido, ludayi na ƙasa. Ranar Darakta gaya ya ci da romo, yana ta juya cokali yana neman naman da shirwa ta riga ta ƙetare boda da shi.

Wallahi na gaji a kwanakin nan. Ga hayaƙi, ga zafi, ga kunne ɗaya a tukunya ɗaya a rediyo, ga yara a gida. Hannuna na dama har ya daina jin nawa ne. Amma in na ɗaga kai na hango shi ya ƙura mini ido ta ƙasan hularsa, yana murɗa maɓallan da ba ya jin amfaninsu, sai in gyara zama.

Babbar matsalar ta zo ne ranar wasiyya. An kawo wani dattijon ɗan wasa daga nesa, shi ne uban a fim ɗin, zai yi maganarsa ta ƙarshe a kan gado. An fitar da gadon ƙarƙashin rumfa saboda haske. Yaya kuwa ranar ya ga dama ya ba 'yan gwangwanin jinya aiki. Da rana ta karkata suka fara sanyi, tasharsa ta raunana, sai wata tashar ƙetare, ta Maraɗi, ta fara leƙowa. Ina ji a kwanona dattijo na cewa, "Ɗana, abin da na ɓoye maka duk shekarun nan shi ne..." sai wata murya ta karɓe, "...raƙumi ja mai tabo a wuya, ya ɓace ranar kasuwar Ɗan Isa, wanda ya gan shi ya taimaka."

Na kaɗa ludayi. Na kaɗa, na miƙe tsaye na kaɗa. Ashe amalanken mai ruwa ya tsaya tsakanina da Yaya, shanun na hutawa. Har aka gama bai gan ni ba.

Aka taru a saurara. Da raƙumi ya fito, wurin ya fashe da dariya, har dattijon da ya mutu ya tashi zaune yana riƙe ciki. Darakta kaɗai bai yi ba. Yaya kuwa yana tsaye, hedifon a kai, ya ga ana dariya, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ya hita tsab."

Na suri kwanon abinci na kutsa har gabansa, na buɗe baki sosai ba murya: Ma-ra-ɗi. Allah ya ba Yaya saurin kai. Ya juya ya dubi Darakta.

"Na ce ya hita tsab, raƙumin. An ruhe boda ga buhu, ba a ruhe ta ga iska ba. In kana da ƙara ka kai ma duwan, kwastan ɗinsu."

Darakta ya bari dariya ta lafa, sannan ya matso daf da fuskarsa ya yi magana a hankali, kalma-kalma. "Malam Mudi, gobe da safe za mu sake. Da azahar dattijo zai tafi, ba zai dawo ba. In ya sake lalacewa, dole in kira wani daga Kano. Kuma don girman Allah ka sa batir masu rai."

Wannan kam ya ji. Na ga yadda ya sauke hedifon ɗin wuya, ba lokacin salla ba.

Ku ji ikon Allah. Da asuba autata Rabi ta tashi jiki kamar garwashi, ido na juyawa. Ba zancen tsayawa shawara. Na roƙi maƙwabciyata ta dafa wa 'yan fim, na saɓi yarinya sai asibiti. Layi har waje. Ina zaune a benci, yarinya a cinya, zuciyata rabi nan rabi gindin bedi. Maƙwabciyar ba ta san komai game da ludayi ba, kuma ba ni da ikon gaya mata. Na ce shi ke nan, yau asirin Yaya ya tonu, kuma ba ni da yadda zan yi. Aka yi mata allura, zazzaɓin ya sauka, na goya ta duk da ta wuce goyo, na kamo hanya rana ta riga ta take.

Tun daga nesa na ga abin da ban gane ba. Isufu mai shayi yana tsaye a kan bencinsa, rediyo a kunne, matacin shayi a hannu ya nuna ƙasa. A kan manyan motoci kuwa direbobi ne zaune reras, su da 'yan kamasho, kowa da rediyonsa. Wani riƙe da sifana, wani da takalmi, wani da hula, wani da murfin buta. Duk a ƙasa. Ba mai tari.

Ina isowa sai tashar ƙetare ta sake leƙowa, wannan karon da kiɗan gurmi. Wayyo! Sai ga sifana da takalma da huluna duk sun tashi sama ana kaɗawa, kamar an ga wata.

"Kot!" in ji Yaya.

Wannan karon Darakta da kansa ya ɗaga wa masu kyamara hannu su dakata. Yaya ya ɗan matsar da tasharsa, aka gyara rediyoyin kyamara, ya ɗaga kai. Direbobi suka laluba suka same shi, takalma suka koma ƙasa. Aka ɗauka. Dattijo ya yi wasiyyarsa daga farko har ƙarshe, ya mutu lafiya lau, ya tashi ya ci shinkafa ya hau mota.

Na lallaba wurin Isufu.

"Isufu, wa ya gaya muku?"

"Shi mana, Inna Hanne."

"Shi wa?"

"Malam Mudi. Ran da ya yi gwaji ina murɗa rediyo ina neman ƙwallo, teburina cike. Sai muka ji, 'Hanne, in kina ji na.' Muka saurara har ƙarshe. Da ya ce kada kowa shi ji, sai muka ce to, ba mu ji ba."

Na zauna a bencin ba tare da an ce in zauna ba. Ni da shi, mu biyu, ba wanda ya tuna cewa rediyo ba ta san mai gida ba.

"Ai tun ranar tashar Malam Mudi muke ji," in ji wani direba daga saman mota. "Mi muke da shi na yi? Mun san ludayi sama, mun san ludayi ƙasa. Ran shirwa har caca aka yi."

"Darakta fa?"

Isufu ya nuna gefen bencin da nake zaune. "Nan yake ranar, kofi a hannu."

Darakta da kansa ya same ni a gindin bedi daga baya, ya tambayi jikin Rabi. Ya ce, "Inna, da ya lalace yau da dole na kira wani, aikin ba nawa ba ne ni kaɗai. Shi ya sa da na ga ba ki zo ba na aika wa Isufu. Ina zan samu mai sauti da dukan layin motoci ke yi masa kunne?"

Sai ga Yaya ya zo da kwanonsa, yana harare-harare.

"Hanne, kin ga 'yan zaman banzan nan? Ana aiki suna ɗaga ma mutane takalma. Ruhe bodar nan ya taɓa masu kai."

Na ce, "Haka ne, Yaya."

Ya dube ni ya daɗe. Amma da yamma na gan shi ya nufi teburin Isufu da gwangwani a hammata, ya ajiye, ya juyo ko zama bai yi ba. Isufu ya buɗe. Na masu lafiya ne, dukansu. Wanda ya san Yaya ya san ko gona ya bayar ba ta kai wannan ba.

Ya yi fim biyu bayan wannan, duk da Darakta, duk da ludayina. Har ya bar duniya ba wanda ya taɓa ce masa kurma, kuma bai taɓa cewa an sani ba. Da daminar shekara ta gaba ta zauna, bayan an buɗe hanya motoci sun watse, ya kwanta 'yan kwanaki, Allah ya karɓi abinsa. Direbobi da yawa sun juyo daga hanya don jana'iza. An ce da za a ɗauke shi, Isufu ya tsaya yana share ido da hannun riga, ya ce, "Da ma suma ce, Malam Mudi, da mun shanya ka." Aka rasa masu dariya da masu kuka, don mutanen ɗaya ne.

Allah ya jiƙan Yaya Mudi, ya yafe masa taurin kansa, ya rufa masa asiri a can yadda bayinsa suka rufa masa a nan. Allah ya mayar masa da jinsa, ya sa sallamar mala'iku ta zama farkon abin da zai shiga kunnen nan. Amin.

Washegarin jana'iza na tashi na hura wuta, don yara ba su san makoki ba, koko suke jira. Na ɗauko rediyon na sa a kwano kusa da ƙafata, na kai allura daidai inda ya karce da ƙusa. Shaaa. Na ɗaga ludayi sama. Na riƙe shi har hannuna ya gaji, ba wanda ya ce kot. Sai na sauke shi cikin tukunya na zuba wa Rabi.